Wa Ke Riƙe da Littafin Ƙwallonmu?

 Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Wurno da Achida, da na Rabah da Gandi, da na Goronyo da Shinaka, da duk wanda muryar nan ta iske a gona, ko a kasuwa, ko a bakin tasha.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a garuruwan nan, ranar Asabar da yamma ko daren Talata, ya san yadda gardama ke tashi. Yaro ɗan shekara 15 zai miƙe ya ce maka Real Madrid ta ɗauki kofin zakarun Turai sau 15, na baya-bayan nan a 2024. Wani ya mayar masa da martani, ya ce Arsenal ta yi wasa 49 a jere a lig ɗin Ingila ba a doke ta ba. Ɗan Manchester United ya ce kofin lig 20 gare su, ɗan Liverpool ya ce ai sun kamo su a 2025. Ba mai duba takarda, duk a ka suke riƙe da shi. Wannan abin yana burge ni, domin yana nuna yaranmu suna da kai, kuma suna son lissafi idan an ba su lissafin abin da suke ƙauna.

To amma ka tambayi waɗannan yaran wace ƙungiya ta ɗauki kofin shugaban ƙaramar hukuma shekara 5 da suka wuce, da ci nawa, kuma wa ya jefa ƙwallon ƙarshe. Nan take murya za ta yi ƙasa. Wannan ya ce yana jin 'yan unguwar kaza ne, wancan ya ce a'a, a shekarar ba a ma ƙarasa gasar ba. Wasan da aka yi a gaban idonsu, wanda yayyensu suka buga, ya fi ɓace musu a kan wanda aka yi a Madrid tun ba a haife su ba. Dalili kuwa ɗaya ne. Na Madrid an rubuta shi, namu ba a rubuta ba.

Domin mu ga abin da rubutu ke yi wa ƙungiya, ba sai mun tsallaka teku ba. Mu duba Kano Pillars, Sai Masu Gida, wadda take da magoya baya a nan gabashin Sakkwato kamar yadda take da su a ko'ina a Arewa.

An kafa Pillars a 1990, shekarar da aka fara lig na ƙwararru a Najeriya, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Sai da ta shekara 18 kafin ta ɗaga kofin lig na farko, a 2008, ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana, mutumin da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003. Kafin wannan, rabon Kano da kofin lig tun 1978, lokacin da Raccah Rovers ta ɗauke shi. Shekara 30 cif ke nan birni kamar Kano yana jira. Daga nan sai Pillars ta jera uku, 2012 da 2013 da 2014, biyun farko a hannun Mohammed Baba Ganaru, na ukun a hannun Okey Emordi. Jera kofi uku ba ƙaramin abu ba ne a lig ɗinmu. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta yi daga 1988 zuwa 1990, Enyimba ta Aba ta yi daga 2001 zuwa 2003, sai Pillars ta shiga sahunsu. Kofin lig 4 ke nan, kuma babu wata ƙungiya a Arewa da ta kai haka.

Ga wanda ya ga zamanin, shekarar 2009 ita ce ta fi zama a rai, duk da ba a ɗauki kofi a cikinta ba. Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka, ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, kuma ta riga ta ɗauke shi sau 6. An tashi 1 da 1 a Najeriya. Mutane da yawa sun ɗauka zance ya ƙare, domin zuwa Alƙahira neman sakamako a hannun Al Ahly ba wasan yara ba ne. Sai aka tashi 2 da 2 a can, Pillars ta wuce da ƙa'idar ƙwallon waje. Ta fito daga rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan 'yar gida ta tare ta. Heartland, wato tsohuwar Iwuanyanwu da ta sauya suna, ta ci ta 4 da nema a Owerri, ta sake cin ta 1 da nema a wasa na biyu.

Ku riƙe wannan ci ɗaya da nema, domin yanzun nan zai yi mana amfani.

Babban abin da ake tinƙaho da shi a tarihin Pillars shi ne riƙon gida. Daga watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta Legas ta doke ta a Kano, ba a sake cin ta a gida a gasar lig ba sai watan Agustan 2015, ranar da Nasarawa United ta shigo filin wasa na Sani Abacha ta yi nasara da ci 2 da 1. Shekara 12, wasa 202. Domin masu gidan kallo su auna nauyin abin, Chelsea da ake ta ambato wasa 86 ta yi a gida ba a doke ta ba, daga 2004 zuwa 2008. Real Madrid ta zamanin Di Stefano wasa 121 ta yi, daga 1957 zuwa 1965. Yaron da aka haifa a Goronyo a makon da Julius Berger ta ci Pillars ya gama firamare kafin wata ƙungiya ta sake kwasar maki uku a gidan Pillars.

Sai dai mai rubuta tarihi na gaskiya ba ya tsayawa a kan lamba. Da farko, wannan tarihi na lig ne kaɗai. Heartland ta ci Pillars a wasan da Pillars ce mai masaukin baƙi a 2009, amma a gasar Afirka ne, don haka bai shiga lissafin ba. Wanda ya ce shekara 12 ba a taɓa cin Pillars a gida ba, bai ƙara da cewa a lig ba, ya faɗi abin da ba haka yake ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, duk wanda ya bi lig ɗin Najeriya a waɗannan shekaru ya san cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske ga kowace ƙungiya. Tafiya ce ta kwana da yini a mota a kan hanya marar kyau, 'yan wasa su sauka da kumburarrun ƙafafu su shiga fili. Alƙalan wasa suna busa usur cikin tsoro, saboda a filaye da yawa tsaron da ke tsakaninsu da 'yan kallo bai taka kara ya karya ba. An yi ta koke-koke a kan fenariti na mintin ƙarshe da ake ba masu gida a faɗin ƙasar. Ba na faɗin haka don in rage wa Pillars daraja. Sauran ƙungiyoyin ma a wannan yanayi suka yi wasa, kuma babu wadda ta kai 202. Ƙungiyar da ta tsallake Al Ahly a Alƙahira ba alfarmar alƙali ta kai ta ba. Amma lambar nan tana ba da labari biyu a lokaci guda, labarin ƙarfin Pillars da labarin ciwon lig ɗinmu, kuma wajibi ne a rubuta su tare.

Akwai ma abin da teburin lig ba zai taɓa nunawa ba. A watan Maris na shekarar 2015, 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri don wasan buɗe kaka. 'Yan wasa 5 suka ji rauni, ciki har da ɗan wasan gaba Gambo Mohammed. Wata biyar bayan haka riƙon gida ya karye. Mai duba teburi zai ga an ci su 2 da 1 kawai. Sai wanda ya ajiye labarin a gefen lambar ne zai gaya wa na baya halin da ƙungiyar ta shiga a shekarar.

Sai maganar kofin ƙalubale, wanda shi ne mafi tsufa a ƙasar nan, tun 1945 ake yin sa, lokacin ana kiran sa kofin gwamna. A nan Pillars ta sha ɗaci kafin ta sha zaƙi. A wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, ta zura wa Enugu Rangers 3 da nema, magoya baya har sun fara murna, sai Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Bayan shekara guda, a watan Yulin 2019, Pillars ta dawo wasan ƙarshe, ta tashi canjaras da Niger Tornadoes ba ci, ta yi nasara da 4 da 3 a fenariti. Mutanen Rabah, wannan ya shafe ku, domin a Kaduna aka yi shi, a filin wasa na Ahmadu Bello, mai ɗauke da sunan Sardauna haifaffen garinku, wanda shi kansa mai son wasanni ne, ya riƙe wasan fayif tun daga kwalejin Katsina har girmansa.

A lokacin an yi ta cewa Pillars ta kawo ƙarshen jiran shekara 66. Asalin zancen shi ne, a 1953 tawagar Kano ta ɗauki wannan kofi. To ai Pillars ba ta zo duniya ba sai 1990. Kano ce ta yi jiran shekara 66, Pillars kuwa na shekara 29 ta yi. Da ba a rubuta shekarar kafuwarta ba, da an cakuɗa tarihin mutane biyu, an kwashe haƙƙin dattawan 1953 an ba wa waɗanda ba su buga ba.

Littafin yana da shafi mai baƙin ciki. A kakar 2022, shekara 8 kacal bayan kofin lig na huɗu, Pillars ta faɗa ajin gajiyayyu, a kakar da ta sha tara, da kora daga filinta, da cire maki saboda tarzoma. Ta dawo a 2023. Wannan shafin ma nata ne, ba a yage shi.

Ta fuskar 'yan wasa, lamba ɗaya ta isa misali. A kakar 2010, wani matashi daga Jos mai suna Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a lig, ya karya tarihin Ishaya Jatau na ƙwallo 17 da ya tsaya tun 1990. Da ba wanda ya ajiye 17 ɗin Jatau shekara 20, da 18 ɗin Ahmed Musa ba ta zama labari ba. Ita ce ta ɗaga sunansa, ya tafi VVV Venlo a Holan, daga nan CSKA Moscow a Rasha, sai Leicester a Ingila a 2016. Shi ne ya zura wa Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya zura wa Aisilan biyu a ta 2018. Shi ma tarihinsa na gida bai daɗe ba, Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014. Haka abin yake tafiya, kowa ya tarar da lambar wani a rubuce, ya yi ƙoƙarin wuce ta.

Kada wani ya ɗauka duk lambar da aka rubuta gaskiya ce. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki na ƙananan ƙungiyoyi da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema. Ƙungiyoyin biyu suna tseren yawan ƙwallaye ne, abokan karawarsu suka buɗe musu raga. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta haramta wa 'yan wasan da jami'an ƙwallo har abada. Abin lura shi ne, takardar sakamakon ce ta tona asirin. A wasan 79 ɗin, ƙwallo 72 a zagaye na biyu aka ci su, cikin minti 45. Duk mai hankalin da ya ga takardar ya san an yi cuwa-cuwa.

Yanzu bari mu matso gida.

A cikin 'yan wasan da suka ɗaga kofin lig da Pillars a waɗancan shekaru na jere akwai ɗan Sakkwato, Shehu Abdullahi. Daga Kano ya tafi Kuwait, ya buga a Fotugal da Saifurus da Turkiyya. Yana cikin tawagar da ta ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, wadda ita kaɗai ce lambar da ƙasar nan ta samo a can, kuma ya je kofin duniya a Rasha a 2018. Wannan yaro abin alfaharin jihar nan ne. Kuma a kansa aka yi wani abu da ya kamata duk sakataren ƙungiya ya sani. A watan Nuwamban 2017 Najeriya ta je Aljeriya wasan ƙarshe na neman gurbin kofin duniya, aka tashi 1 da 1, da Shehu a cikin fili. Ashe yana da katin gargaɗi biyu a wasannin share fagen, ɗaya tun 2015 a wasa da Suwazilan, ɗaya a wasa da Zambiya wata guda kafin nan, wanda a ƙa'ida bai kamata ya buga ba. FIFA ta soke sakamakon, ta ba Aljeriya nasara 3 da nema, ta ci tarar Najeriya. Makinmu ya sauka daga 14 zuwa 13. Allah ya taimaka mun riga mun samu gurbi da tazara mai yawa. Da a ce maki ɗaya ne tsakaninmu da Zambiya, da kati ɗaya da aka manta a rubuce ya hana ƙasa mai mutum sama da miliyan 180 zuwa Rasha. Ƙirga kati aikin ofis ne, ɗan wasa nasa shi ne ya shiga fili idan an sa shi.

Muna da ƙungiyarmu ta jiha, Sokoto United, wadda ke wasa a filin Giginya, tana fafutuka a lig na ƙasa mai daraja ta biyu. Ina yi mata fatan hawa babban aji, kuma ina kira ga mutanen gabas su riƙa shiga Sakkwato suna kallon ta idan hali ya yi. Amma ƙungiyar jiha ba daga sama take samun 'yan wasa ba. Daga filayen makarantun firamare take samun su, daga fegin da ake share wa bayan an kwashe amfanin gona, daga gasar unguwa-unguwa da ake yi bayan sallah, da kofunan da 'yan siyasa da 'yan kasuwa ke sakawa. A waɗannan wurare ne ake yin mafi yawan ƙwallon da ake yi a Wurno da Rabah da Goronyo, kuma a nan ne rubutu ya fi ƙaranci. Ana gama wasan ƙarshe, a ɗauki hoto da babban baƙo, a zagaya gari da kofi a kan babur, shi ke nan. Takardar da alƙali ya rubuta sunaye a kai ta tafi da iska. Hotunan suna cikin wayar wani, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sayar da ita, tarihin ya bi ta.

Wannan abin yana yi mini ciwo musamman saboda ƙasar da muke ciki. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Ba ina haɗa jihadi da wasan ƙwallo ba ne, Allah ya kiyaye, tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Ɗabi'ar nake nufi. Muhammadu Bello ya zauna ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya jera abubuwan da suka faru, da wuraren da suka faru, da mutanen da suka halarta. Ya rubuta nasarar Tabkin Kwatto, bai kuma ɓoye wahalar Tsuntsuwa da ta Alwasa ba. Shi ya sa bayan shekara 200 masana daga ko'ina suke dogara da shi. Waziri Junaidu ya ɗora a kan wannan turba, ya tattara littattafai, ya rubuta Tarihin Fulani, har yau hukumar adana tarihi ta Sakkwato sunansa take ɗauke da shi. Mutanen da suka gaji wannan ɗabi'a bai dace a ce sun kasa riƙe sakamakon wasa 15 na gasar ƙaramar hukuma ba.

Kuma ba wai mun manta yadda ake yi ba ne. Dillalin albasa a kasuwar Achida ba ya barin buhu ya hau mota bai rubuta na wane ne ba, nawa aka biya, nawa ya rage. Ya san ranar da gardama za ta tashi littafin ne zai raba ta. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki ƙwallon yaranmu da irin wannan muhimmanci.

Wani zai ce, Malam, wasa ne fa, mene ne na wahalar da kai. To ga amsar da ta shafi aljihu. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kowace gwargwadon shekarun da ya yi a hannunta. Leicester ta sayi Ahmed Musa a kan kusan fam miliyan 16. Kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗi fam dubu 800 ne. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin wannan kuɗi yana biyan masu shi kai tsaye, kuma abin da yake dubawa shi ne rajistar ɗan wasa, wace ƙungiya ta yi masa rajista, a wace shekara. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ba, ba ta kuma rubuta yaranta ba, ko ita ta koya wa yaro taɓa ƙwallo tun yana ɗan shekara 12, sisi ba za ta gani ba. Kocin da ya shekara yana saya wa yara ruwa da ƙwallo daga aljihunsa zai ga yaronsa a talabijin, ya ce nawa ne, a ce masa ina shaida.

Haka maganar shekaru. Ba sabon labari ba ne yadda rigimar shekarun haihuwa ta zubar wa ƙwallon Najeriya mutunci, har aka kai ga gwajin ƙashin wuyan hannu ga 'yan ƙasa da shekara 17. Yaron da sunansa ya fito a littafin gasar firamare a shekara kaza, ya sake fitowa a na sakandare a shekara kaza, yana da abin kare kansa, kuma mai son rage masa shekaru zai sha wuya.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da yankinmu, wanda faɗinsa ba daɗi. Shekarun nan gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga. Ƙasar Gandi ta ga abin da ta gani a 2018, kasuwar Goronyo ta ga nata a 2021, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ƙauyuka sun tashi, matasa sun watsu, wasu suna Sakkwato, wasu sun tafi ci-rani kudu ba su dawo ba. A da, idan ba a rubuta ba, akwai dattijon unguwa da ke riƙe da labarin, kuma mutanen da suka ga wasan suna nan wuri ɗaya. Yanzu ƙungiya sukutum tana iya watsewa a dare ɗaya. Akwai ƙauyen da ƙungiyarsa ta taɓa shigowa gari ta doke 'yan gari, abin da mutanensa suka yi ta alfahari da shi, yau kuwa ba kowa a filin. Idan aka rubuta sunan ƙungiyar da sunayen yaranta, ranar da mutanen suka koma gida, in Allah ya yarda, za su tarar da abin da za su ɗora a kai.

Raccah Rovers da na ambata ɗazu ta daɗe da rushewa. A 1978, shekarar da ta ɗauki kofin lig, ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, kuma Pele da kansa ya sa rigar Fluminense ya buga a wasan. 'Yan Fluminense har gobe suna ba da wannan labari, da kwanan wata da sakamako, domin sun ajiye shi. Matasan Arewa nawa ne suka san an yi haka a Kaduna?

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi. Jami'in wasanni na kowace ƙaramar hukuma, a Wurno da Rabah da Goronyo, ya sayi babban littafi mai bango mai kauri. Duk wanda zai saka kofi, ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa, a sa masa sharaɗi cewa kowane wasa sai an cike takarda: kwanan wata, fili, sunayen ƙungiyoyi, cikakkun sunayen 'yan wasa da na mahaifansu, ba laƙabi kaɗai ba, domin Messi da Ronaldo sun yi yawa a filayenmu, bayan shekara 10 ba mai sanin wane Messi ake nufi. A rubuta wanda ya ci ƙwallo da mintin da ya ci, da wanda aka ba kati. Alƙali ya sa hannu, kyaftin biyu su sa hannu kafin a bar fili, tun zufa ba ta bushe ba, domin gardamar da aka bari ta kwana ba ta rabuwa. Wasan da aka tashi da rikici a rubuta an tashi da rikici, a faɗi dalili. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a tura wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a kuma ajiye kwafi a wurin wani malamin makaranta amintacce, saboda ofis yana sauya hannu, kuma sabon shugaba ba kullum yake tambayar kayan tsohon ba.

Na baya kuma bai gama ɓacewa ba. Waɗanda suka buga ƙwallo a garuruwan nan a shekarun 1980 da 1990 da yawansu suna raye, wasu limamai ne yanzu, wasu 'yan kasuwa, wasu suna noman rani a bakin madatsar Goronyo. Ku matasa masu riƙe da lissafin Real Madrid a ka, ku ne kuka fi dacewa da wannan aiki. Ku je ku gaishe su, ku ce Baba, wace shekara kuka ɗauki kofi, da wa kuka buga, wa ke tsaron raga? Ku ɗauki muryarsu a waya. Idan biyu suka saɓa, ku rubuta maganar kowa da sunansa, ku nemi na uku. Tsofaffin hotunan da ke cikin akwati a ciro su, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki a bayan hoton tun masu gane fuskokin suna nan.

Gasar da za a fara nan gaba a ƙaramar hukumarku, a shiga wasan farko da littafin a hannu.